Gonar Si Munji a Cikin Teku

Shekarar da aka yi mini aiki a wuyan hannu, ita ce shekarar da na fara sanin ana hutawa da bazara. Kafin nan, bazara a wurina tanderu ce da ƙullu da amare. Sunana Dalanda. A Safakus aka haife ni, kuma tun ina budurwa nake yin baƙlawa da sauran kayan zaƙin biki a ɗan shagon da na gada wurin mahaifiyata. Da zafi ake aure a garinmu, saboda haka lokacin da mutane ke naɗe tabarmi su nufi bakin ruwa, ni ina tsaye kan faranti ina jera ƙullu fale-fale, gumi na bin bayana. Teku yana nan a gefen gari, ina jin warinsa in iska ta juyo, amma bai taɓa wuce mini idon sawu ba.

Ranar da likita ya kwance ɗinkin, ya juya hannun sama da ƙasa, ya ce, "Lalla Dalanda, hannun nan ya yi miki bauta. Ki sallame shi sai kaka. Ba murza ƙullu, ba ɗaga faranti. Ko tsintsiya ban yarda ba."

Na ce, "To amaren fa?"

Ya ce, "Za su yi aurensu ko ba ke."

Maigidana, Si Munji, yana zaune a gefe da hularsa a kan gwiwa, bai ce uffan ba. Haka yake. Rayuwarsa duk a kan jirgin ƙasa ya yi ta, yana jan taragu tsakanin Safakus da garuruwan kudu, shi kaɗai a gaban inji, har shirun ya zame masa jiki. Tun da ya yi ritaya, daga gida sai masallaci sai kujerar ƙofar shagona. Sai da muka fito titi ya ce, kamar mai magana da takalminsa, "Gwaggo Shadliya ta daɗe tana cewa mu je Karkana. Ɗaki na nan."

A can aka haife shi. Ya baro tsibirin yana yaro bayan rasuwar mahaifinsa, kuma tun aurenmu ba ma zuwa sai ta'aziyya, mu je da safe mu dawo da yamma. Na kawo uzuri iri-iri. 'Yarmu Sirin, wadda ke taya ni a shago, ta karɓe makullan daga hannuna ta jefa a jakarta.

"Mama, in kika zauna a garin nan, wallahi gobe zan same ki kina murza ƙullu da gwiwar hannu. Ku tafi. Shago ba zai tashi sama ba."

Haka muka shiga jirgin fito da akwati ɗaya da kwandon kankana. Na zauna a inuwa ina ta waiwayen gari har hayaƙinsa ya narke cikin hazo. Da na juyo gaba, sai na ga dabinai tsaye a kan ruwa. Ba tudu, ba gaɓa, dabinai kawai jere suna rawa cikin zafin rana, kamar wani ya zana su a kan madubi. Ƙasar tsibirin kwance take dab da ruwa, sai ka matso sosai take yarda ta nuna kanta.

Gwaggo Shadliya ƙanwar mahaifin Si Munji ce, tsohuwa 'yar firit, baƙin kwalli a ido, bakinta kuwa ya fi wuƙa. Gidanta yana ƙarshen ƙauye, fari fat da ƙofa shuɗiya, da ɓaure a tsakar gida, bayan katanga kuma sai ruwa. Ta rungume ɗan ɗan'uwanta, sannan ta riƙo hannuna mai ciwo ta duba tabon.

"Ke ce 'yar birnin da aiki ya cinye? Zo nan. A gidan nan ko kaza sai ta ga dama take ƙwai."

Kwanakin farko na sha wahala, don ban iya zama ba. Da asuba nakan farka zumbur, ina jin kamar na bar wani abu a wuta. Na ɗauki tsintsiya, Gwaggo ta ƙwace. Na zauna zan tsince shinkafa, ta janye faifan. Na dinga kiran Sirin a waya ina tambayar ko an sayo ruwan wardi, ko an rage wutar tanderu, har yarinyar ta daina ɗagawa. Gwaggo na kallona daga gindin ɓaure tana fifita.

"Ƙaiƙayi gare ki ne, 'yata? Zauna ki kalli ruwa."

"Me zan gani a ruwa, Gwaggo?"

"Ba komai. Ai shi ne amfaninsa."

Ban san ranar da abin ya sake ni ba. Na dai san wata rana bayan azahar na kwanta a kan tabarma a ɗakin da ke kallon teku, iska na kaɗa farin labule, yana kumbura yana lafawa kamar ƙirjin mai barci. Na ce bari in rufe ido kaɗan. Da na buɗe, inuwar ɓaure ta kai bakin ƙofa, an ajiye mini shayi da na'ana'a har ya huce. Daga ranar barci ya gane ni. Yakan zo mini da hantsi, ya dawo bayan abinci, wani lokaci ina tsakiyar magana. Kamar duk barcin da na ƙi yi tun ƙuruciya ne ya biyo ni cikin jirgi, ya same ni a inda ba ni da wurin gudu.

Kwanaki suka daina amsa sunayensu. Da safe mu tsinki ɓaure yana da sauran sanyi, mu ci da gurasar sha'ir da man zaitun. Da rana kifi gasasshe, ko faten sha'ir da busasshen ƙarnit, wannan halittar ruwa mai hannu takwas da Gwaggo ke shanyawa a kan igiya kamar wanki. Ruwan bayan gida kuwa launinsa ba ya zama ɗaya: da safe kamar madara, da tsakar rana kore shar, da yamma sai ya koma ruwan zuma. Can nesa za ka hangi mutum a tsakiyar teku yana tafiya da ƙafa, ruwa iya cinyarsa, yana jan kwale-kwalensa a baya kamar mai jan akuya. Shingayen kamun kifi na reshen dabino sun yi layi-layi har inda ido ya gaza. Wani lokaci ina kallonsu ban san ko idona biyu ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Si Munji. Kwana kaɗan da zuwanmu ya ajiye takalmi. Ya naɗe ƙafar wando. Harshensa ya juye irin na mutanen tsibirin, yana jan magana yana lanƙwasa ta. Wata safiya muna wucewa ta gaban gidan shayi, wani ƙaton tsoho mai farin gashin baki ya ƙwala kira:

"Ƙaguwa! Kai Ƙaguwa! Ashe kana duniya?"

Na duba in ga wa ake kira. Sai na ga mijina, mutumin da ko a ɗaurin auren 'yarsa murmushi kawai ya yi, ya saki dariya har da dukan cinya.

"Hamda, ba ka mutu ba? Wa ya bar maka jirgi, kai da ko tulu ba ka iya tuƙawa?"

Rayis Hamda ke nan, abokin wasansa na yarinta, mai jiragen kamun kifi a ƙauyen. Shi ya gaya mini wai da suna yara, in an biyo Si Munji da bulala, a karkace yake gudu, shi ya sa sunan ya bi shi. Na yi dariya tare da su. Na haifa wa mutumin nan 'ya'ya, na san yadda yake son shayinsa, na san tarinsa a cikin dubu, amma ban taɓa jin wannan dariyar ba.

Bazara ta yi nisa lokacin da ya ce mini wata safiya, "Ki shirya, zan kai ki ki ga gonar babana."

Na san a Karkana ana gadon ruwa kamar yadda ake gadon ƙasa, kowane gida da yankinsa a teku inda yake kafa shinge. Ban dai taɓa tunanin muna da namu ba.

Na ce, "A cikin kwale-kwale? Ni?"

"Ruwan ko'ina bai wuce ƙugu ba. In kin faɗa, ki miƙe tsaye kawai."

Gwaggo ta cika mana kwando: gurasa, tumatir, dafaffen ƙwai, inabi, rabin kankana da gorar ruwa. Rayis Hamda ya ara mana ƙaramin kwale-kwale mai ɗan inji, yana ture mu daga gaɓa yana cewa, "Ƙaguwa, wannan ba jirgin ƙasa ba ne, ba dogo a ƙarƙashinsa. Lalla, in ya ɓata hanya ki karɓi tuƙin."

Na ƙanƙame gefen jirgin da hannuna mai lafiya, na rufe ido ina salati. Da na ji ba abin da ya faru, na buɗe. Ruwan garau yake, har ka rantse babu shi. Ciyawar ƙarƙashi tana kwantawa tana tashi, inuwar jirginmu na bi ta kanta, ƙananan kifaye na watsewa kamar an watsa allurai. Ji na yi kamar a sama muke tafiya, muna leƙen wata makiyaya daga cikin gajimare. Ƙauyen ya ƙanƙance a bayanmu har ya zama farin zare.

Can Si Munji ya kashe inji. Shiru ya sauko mana gaba ɗaya. Ya duba hasumiyar masallacin ƙauye, ya duba wani dogon dabino da ke tsaye shi kaɗai a wani ɗan tsibiri, ya tura jirgin gaba kaɗan da doguwar sanda, sannan ya jefa dutsen da ke ɗaure da igiya.

"Nan ne."

Na duba. Ruwa ne kamar kowane ruwa. Sai da ya nuna mini da yatsa na ga wasu baƙaƙen kututtura a ƙasa, guntayen rassan da suka ruɓe tun tuni, sun yi layi sun lanƙwasa.

"Daga nan shingen yake farawa, ya tafi can, ya karyo. Kifi in ya biyo ruwa ya ci karo da shinge, sai ya bi gefensa yana neman ƙofa, har ya shige gura. Babana yakan ɗora ni a wuya mu zo ɗauka da sassafe. Ƙafafuna a kan ƙirjinsa, ina jin muryarsa tana fita ta cikinsu."

Ya kafa sanda, ya ɗaura zanen da na zo da shi ya yi mana rumfa. Muka ci gurasa da tumatir, muka sha kankana, ruwanta na bin gwiwar hannunmu muna wankewa a teku. Jirgin na lilo a hankali. Ruwa na lasar katako, lap, lap. Na jingina kaina da cinyarsa, abin da rabona da yi tun kafin a haifi Sirin. Na ji ya ɗan ƙame, sannan ya saki jiki. Hasken ruwa na wasa a jikin zanen da ke samanmu. Ina kallonsa barci ya ɗauke ni.

Abin da ya tashe ni shi ne lilon ya tsaya. Na ɗaga kai, na ga Si Munji shi ma ya yi barci, baki buɗe, hula a kan hanci. Na leƙa waje, sai na murza ido.

Babu teku. Ya tafi. Jirginmu na zaune a karkace a kan ciyawa, ko'ina fili ne shimfiɗe, kore da ruwan ƙasa, yana ƙyalli a rana, da ƙananan tafkuna birjik kowanne ɗauke da guntun sama a cikinsa. Fararen tsuntsaye na takawa a inda ɗazu kifi ke iyo.

Na girgiza shi. "Si Munji. Tashi. An sace maka gona."

Ya zabura, ya duba gabas ya duba yamma, ya dafe kai. "Innalillahi. Ruwa ya janye. Na manta da lokacinsa. Ni ɗan Karkana!"

"Yanzu ya za mu yi?"

"Sai ya dawo."

"Yaushe?"

"Bayan la'asar, in Allah ya so."

Na laluba jaka. "Bari in kira Rayis Hamda."

Ya riƙe mini hannu da sauri. "Ki rufa mini asiri. Kuma ko kin kira shi, da me zai zo? Da jaki?"

Yadda ya faɗa, da yadda kunnuwansa suka yi ja, sai dariya ta ƙwace mini. Na yi ta yi har hawaye, har cikina ya ƙulle. Ya harare ni, ya harari teku da ba ya nan, sannan shi ma ya fashe. Irin dariyar gaban gidan shayi ce, amma wannan karon ni kaɗai ce a wurin.

Muka yi alwala a wani ɗan tafki, muka yi azahar a cikin jirgi. Sannan ya sauka ya miƙo mini hannu. Na tattare rigata na taka ƙasan teku. Ciyawar laushi gare ta, da ɗumi kamar bayan kyanwa. Muka yi ta tafiya ba inda muka nufa. Ya nuna mini ramin ƙaguwa, na ce ya gai da danginsa. Ya ɗago mini soso mai rai, baƙi, ba kamar wanda muke wanka da shi ba. A wani tafki muka tarar da ɗan kifi mai zane-zane da ruwa ya bari, yana kewaya ɗakinsa cikin natsuwa, shi ma jira yake. Ba motsin kowa, ba ƙarar komai sai ɗan tsit-tsit da ƙasa ke yi tana shan iska. Na ji kamar mun shigo wani gida ne da masu shi suka fita unguwa suka bar ƙofa buɗe.

Gaba kaɗan muka iske wani kwari da ruwa bai bari ba, doguwar hanya shuɗiya tana ratsa filin. Si Munji ya shiga, ruwan ya kawo masa ƙirji.

"Zo."

"Wa? Ka ga na yi kama da agwagwa?"

"Zo ki kwanta kawai. Ina riƙe da ke."

"Da girmana? In wani ya gani fa?"

Ya waiwaya hagu da dama, ya buɗe hannuwa. Daga mu sai tsuntsaye.

Na shiga da rigata, tana kumbura a kewaye da ni. Ruwan ba sanyi ba zafi, daidai jiki. Ya sa tafin hannu ɗaya a bayana, ɗaya a ƙeyata, ya ce in jingina. Na ƙi. Ya ce in jingina. Na jingina, ƙafafuna suka bar ƙasa, na yi ihu na shaƙo ruwa na ƙanƙame masa wuya ina tari.

"Kashe ni za ka yi ka auri 'yar tsibiri!"

"Wace 'yar tsibirin za ta ɗauki wanda ya manta lokacin ruwa? Sake kwantawa. Kin cika riƙe kanki. Ba ke za ki ɗauki ruwan ba, shi zai ɗauke ki."

A karo na gaba na bar kunnuwana suka nutse. Duniya ta yi ɗif. Sai wani ɗan ƙara siriri daga ƙasa, kamar ana gasa wani abu a nesa, da bugun zuciyata a hankali. Sama ta buɗe a kaina, babu gefe babu iyaka. Na ji gashina ya warware daga ɗankwali yana yawo. Hannuna mai ciwo, wanda na saba ɗauke da shi kamar jariri, ya tashi da kansa ya kwanta a kan ruwa, ba nauyi, ba zogi. Na tuna mahaifiyata, yadda takan tsaya bakin tanderu ta dafe ƙugu ta ce in Allah ya kai mu baɗi za ta je ta huta. Hawaye suka gangaro ta gefen idona suka shiga teku, ba su da bambanci da shi. Ba baƙin ciki nake ba. Ban san sunan abin ba.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba. Da na juya ido, sai na hangi Si Munji tsaye can gefe, hannuwansa biyu harɗe a ƙirji, yana kallona. Ashe ya daɗe da sakina.

Muka koma jirgi muka zauna a inuwar zane, kayanmu na bushewa a jikinmu, gishiri na yin fari a fatarmu. Ya ɗauki inabi yana juyawa a hannu bai ci ba.

"Dalanda."

Ba kasafai yake kiran sunana ba. Na ce, "Na'am."

"Da kaka ake kafa shinge. In an sare rassan dabino. Hamda ya ce zai ba ni mutane su taya ni." Ya dubi inda kututturan suke. "Ina so in tayar da gonar nan."

"Tun yaushe kake son haka?"

"Tun kafin in bar aiki. In ina tuƙi cikin hamada, rana na dukan dogo yana ƙyalli, sai in ga kamar ruwan nan ne."

"Shi ne ba ka taɓa faɗa ba? Kullum kana zaune ƙofar shagona kamar wanda aka ba ajiya, ina cewa ko ciwo ke damunka."

"Ke da shagonki. Na ga ba ki da wurin da za ki sa wata magana."

Ta ɗan sosa mini rai, don gaskiya ce. Na kalli filin nan mai ƙyalli na ɗan jima.

Na ce, "Ni ba zan bar shago ba, ka sani. Ina son aikina. Ina son in ga uwar amarya ta buɗe kwali ta yi guɗa. In na zauna nan shekara guda, ni da Gwaggo sai an raba mu da sanda."

"Ban ce ki bari ba."

"To me ka ce?"

"Jirgin fito na tashi kullum."

Na karɓe inabin daga hannunsa na ci. "Ka kafa shingenka. Amma ka nemi wanda zai riƙa tashinka daga barci."

Ruwan bai dawo da hayaniya ba. Tafkunan ne suka fara faɗaɗa, wannan ya miƙa wa wancan hannu, ciyawa ta ɗago kai tana karkata gefe guda. Tsuntsaye suka tashi. Can sai muka ji jirgin ya yi ɗan nishi, ya gyara zama, ya soma lilo. Rana ta sunkuya, teku duk ya zama ruwan zinariya, muka bi ta cikinsa a hankali zuwa gida.

Tun daga nesa muka hangi taro a bakin gaɓa. Duk 'yan gidan shayi sun fito da kujerunsu. Ashe tun azahar suke kallonmu, ɗan ɗigo a tsakiyar fili. Rayis Hamda ya miƙe ya sa hannu a baki ya yi kukan jirgin ƙasa.

"Ku ba da hanya! Jirgin kudu ya iso! Direba, a wace tasha ka tsaya haka?"

Wani ya ce, "Amarci suka je ci, ku ƙyale su!"

Si Munji ya sunkuyar da kai yana ɗaure igiya, yana murmushi. Gwaggo Shadliya na tsaye bakin ƙofarta. Ta dubi rigata da ta ƙame da gishiri, ta dubi gashina, ta taɓe baki.

"'Yar birni ta shiga ruwa. To, Allah ya sa kifayen sun tsira."

Sauran bazarar kusan kullum sai mun fita, da yamma in ruwa ya cika. Ban iya iyo ba har yau, kwanciya kawai na iya, kuma ta ishe ni. Da ɓaure ya ƙare a bishiya, iska ta fara sanyi da safe, na haɗa akwatina. Si Munji ya raka ni tashar jirgi, ba takalmi a ƙafarsa. Shi ya zauna, don an fara saran rassa.

Na tarar Sirin ta sauya wa faranti wuri, ta ɗauki sabuwar yarinya mai suna Wi'am tana tsaron kanta, kuma ba amaryar da ta fasa aure. Na yi fushin yini guda, sannan na ga tsarin nata ya fi nawa, ban dai gaya mata ba. Hannuna ya warke. Na koma aiki, amma in azahar ta yi nakan hau sama in kwanta, kowa ya san ba a tashina. Ranar Alhamis in hau jirgi in nufi tsibirin, in dawo Asabar ko Lahadi.

Da sanyi ya shigo, wata ranar Talata ina ciki ina yanka baƙlawa, na jiyo muryar Wi'am a ƙofa.

"Baba, ba ma sayen kifi a nan. Ka gangara kasuwa. Don Allah matsa da kwandon, kana sa mana ƙarni a shago."

Na leƙo ta bayan labule. Wani baƙin tsoho ne tsaye, rana ta gasa shi, hular kaba a kansa, rungume da kwando an rufe da jiƙaƙƙen buhu. Si Munji ne, kamun farko na gonarsa ya ɗauko tun safe ya hawo jirgi da shi, bai ko tsaya sauya riga ba. Yana ta ƙoƙarin yi mata bayani, ita kuwa tana kore shi da gefen mayafi kamar ƙuda. Mata biyu masu sayayya sun toshe hanci.

Na bar ta ta ɗan ƙara kaɗan, don ina jin daɗin kallon. Sannan na goge hannuna na fito.

"Ƙyale shi ya shigo, Wi'am. Na san shi."

Ya ajiye kwandon a kan kanta, tsakanin kwalayen amare, ya yaye buhun. Kifayen na sheƙi, wasu ko gama motsi ba su yi ba. Sirin ta fito ta rungume babanta da ƙarninsa da komai. Ranar da wuri muka rufe shago, muka hura gawayi muka gasa kifin a saman bene, har Wi'am, wadda ta kasa haɗa ido da shi sai da ta ci na biyu.